Dan Allah a taimaka min da Shh da BMP, jarabawa ta matso

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Ina aji biyu a anatomi, jarabawar embiriyoloji (ilimin samuwar tayi) saura kwana 5 kuma wlh wajen nan na yadda ƙwaƙwalwa ke fara samuwa ya ƙi zama min a kai. Na haddace sinadaran saƙon nan biyu da ke tsara bututun jijiya (wanda ke zama ƙwaƙwalwa da lakar baya), Shh daga ƙasa, BMP daga sama, amma in aka ce ta yaya sinadari ɗaya zai sa ƙwayoyin halitta su zama iri daban-daban sai in tsaya cak. In ci gaba da haddar ne ko akwai hanyar da kuka bi?

Ɗan aji huɗu: Wa alaikissalam ƙanwata, ajiye haddar tukuna. Kin ga lasifikar masallaci, na kusa yana jin ta da ƙarfi na bayan unguwa kuma sama-sama, to haka Shh yake, notokod, wata siririyar sandar nama da ke bin tsawon tayi, ke fitar da shi a ƙarƙashin bututun jijiya, ƙwayoyin da suka sha shi da yawa su zama gindin bututun, waɗanda suka samu matsakaici su zama jijiyoyin motsa tsoka, BMP kuma yana gangarowa daga sama yana tsara ɓangaren karɓar saƙon ji. Yawan abin da ya iso ta kowace ƙwaya ke aunawa. Ki zana da'ira, jan biro daga ƙasa shuɗi daga sama, kowanne yana dusashewa.

Ɗalibin likitan dabbobi: Ni labarin tumakin Idaho ne ya zaunar min da shi. A shekarun 1950 can Amurka tumaki suka riƙa haifo 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, ashe wani tsiro Veratrum californicum suke ci wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki, sinadarin cikinsa saiklofamin yana toshe hanyar Shh. Saƙon tsakiya bai isa ba, sai gaban ƙwaƙwalwa ya ƙi rabuwa biyu, idon ma haka.

Unguwarzoma: 'Yata ki riƙe kwanakin ma. Bututun nan yana gama rufewa wajen kwana 28, mace da yawa ba ta ma san tana da ciki ba. Na sha karɓar jariri da ƙullutu a gadon baya saboda bututun bai rufe ba, abin ba ya barin zuciyata, shi yasa muke nacin folik asid maikrogiram 400 kullum tun kafin ciki ya shiga.

Mai tambaya: Allah ya saka, na zana kuma ya fara shiga. Yaya to sinadaran nan Noggin da Chordin fa, a ina suke shigowa?

Ɗan aji huɗu: Su tun kafin bututun ne. Inda BMP ke aiki fata ake samu, inda Noggin da Chordin suka kama shi suka riƙe sai wajen ya zama jijiya. Ki duba gwajin Spemann da Mangold na 1924, sun dasa ɗan yankin da ke fitar da su ta wajen tumbin wani tayin dangin kwaɗo, sai ga bututun jijiya na biyu ya fito.