Tambaya kan maganin Tysabri da haɗarin cutar PML a ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Ƙanwata tana fama da ciwon MS, mai lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kuma fiye da shekara biyu ke nan ana yi mata ƙarin ruwan natalizumab, wato Tysabri, duk bayan mako huɗu. Gwajin jininta na baya-bayan nan ya nuna ta taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar JC, wadda ke haddasa PML, wata mummunar cuta mai lalata ƙwaƙwalwa, ga masu shan irin waɗannan magunguna masu dakushe garkuwar jiki. Saboda cutar PML ɗin ce ma aka janye maganin daga kasuwa a 2005, kafin a dawo da shi a 2006.

Yanzu harshenta ya fara nauyi, hannunta na dama kuma yana sakin abu. An yi mata hoton MRI, likita ya ce bai ga sabon tabo ba, amma alamomin sai ƙaruwa suke yi, kuma an gargaɗe mu cewa yanke maganin farat ɗaya na iya tayar da MS da ƙarfi.

Shin ya wajaba a ɗebi ruwan lakarta a nemi ƙwayar JC kafin a sake yi mata ƙarin ruwan?