Waifai na cikin mota yana kamawa amma babu intanet: wa ya taɓa fama da wannan a Sakkwato?

Malam Bello, Arkilla

Assalamu alaikum jama'a. Motar da na saya 'yar Amurka ce ƙirar 2018, ta Kwatano ta shigo, kuma cikin abin da dillali ya yi ta yabo har da cewa tana da waifai nata na kanta. Sunan yana fitowa a waya, kalmar sirrin tana nan a sikirin, yara suna haɗawa ya nuna ya kama, amma ko saƙon WhatsApp ba ya fita. Wani mai wayarin ya ce rediyon ne ya mutu, in kawo kuɗi a sauya shi ɗungurungum. Kafin in taɓa aljihu ina so in ji daga bakin waɗanda suka ga irin wannan da idonsu.

Nasiru mai wayarin, Mabera

Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka bari a kwance rediyon ga, lahiya lau shike. Irin wagga mota ta sha zuwa garejinmu. Tunda sunan shina hita kuma waya na kamawa, ɓangaren waifai na aiki ke nan. Abin da babu shi na sabis. Akwai ɗan akwati ɓoye cikin motar, wasu bayan dashbod, wasu can baya, da layin waya da anka manne bisa allon tun daga kamfani. Ba irin layin da za ka zare ka sa naka ba na. Layin Amurka na, da rajistar Amurka, ga shi kuma motar tana Sakkwato. Awa famfo na da anka ja har tsakar gida, ga kai ga bututu, amma ba a haɗa shi da babban layin ruwa ba. Ko sabon rediyo anka sa, nan za ka tsaya.

Injiniya Murtala, Runjin Sambo

Maganar Nasiru haka take, bari in ƙara kaɗan don Malam Bello ya san iyakar abin. Motocin General Motors, wato su Chevrolet da GMC da Buick da Cadillac, sun fara zuwa da waifai na 4G ta tsarin OnStar tun ƙirar 2015, kuma a kan layin kamfanin sadarwar Amurka AT&T yake tafiya. Camry ƙirar 2018 da aka yi wa kasuwar Amurka ita kuma da layin kamfanin Verizon aka haɗa nata. Mai motar a can yana biyan kuɗin data, in ya daina biya ko ya sayar da motar a rufe.

Na taɓa zama da wani abokina masanin gyaran waya muka buɗe irin akwatin nan da aka ciro daga motar da ta yi hatsari, don mu ga ko za a iya ɗora masa layinmu. Ko da an ci nasarar sauya layin, akwai katanga ta biyu. Kamfanonin Amurka suna tafiyar da 4G a kan band, wato zangon da sabis ke bi, na 2 da 4 da 12 da 13, mu kuwa namu a nan sun fi dogara da 3 da 7 da 20 da 28. Na'urar da aka ƙera don waɗancan sau da yawa ba ta ma jin namu. Su kuma tsofaffin motoci masu 3G, ko a can ƙasarsu da yawansu sun yi shiru tun da AT&T ya rufe 3G ɗinsa a watan Fabrairun 2022. Don haka duk wanda ya ce maka zai "buɗe" maka shi a kan wasu 'yan dubbai, ka ce ya nuna maka mota ɗaya da ya yi wa tana aiki. Ni dai abin yana ci mini rai yadda ake karɓar kuɗin mutane a kan aikin da mai karɓar ya san ba zai yiwu ba.

Malam Bello, Arkilla

Allah ya saka da alheri, Injiniya. To ke nan in haƙura da intanet a motar baki ɗaya?

Hajiya Luba, Gawon Nama

A'a Malam, duba saitin da kyau. A tawa motar wuri biyu ne: ɗaya na motar ta raba wa mutane intanet, ɗaya na motar ta karɓa daga wani wuri. Na farkon ne ya mutu a wurinmu, na biyun yana aiki. Ina kunna hotsifot na wayata, motar ta kama.

Sai dai da na sauya waya, motar ta daina ganin sunan hotsifot ɗin kwata-kwata, alhali wayar direbana tana ganinsa. Ɗana ne ya gano. Sabuwar wayar a kan zangon waifai na 5GHz take rabawa, sikirin ɗin motar kuwa 2.4GHz kaɗai ya sani. A iPhone akwai maɓallin da aka rubuta wa Maximize Compatibility a shafin hotsifot, yana kunna shi sunan ya fito nan take. Ya ce a Android ma akwai wurin zaɓen 2.4, kuma in motar ta ga sunan amma ta ƙi karɓar kalmar sirri, a mayar da tsaron daga WPA3 zuwa WPA2. Ya kuma goge tsohon sunan daga motar kafin ya sake haɗawa.

Alhaji Sani, direban Sakkwato zuwa Illela

Ni tawa daban ta. Na cire rediyon kamfani na sa sikirin na Android mai cin layi, don fasinja su samu abin kallo ni kuma in riƙa duba taswira. Ranar da munka sa shi ya nuna sanda huɗu, babu intanet. Yaron shago ya shiga wurin APN, wato saitin da ke haɗa layi da intanet, ya iske babu komi rubuce, ya sa da hannu. Na MTN web.gprs.mtnnigeria.net na, na Glo kuma gloflat. Shi ke nan ya buɗe.

Abin da ya hi wahalshe ni eriya ta. Cikin gari lahiya lau, amma da na wuce Kware sai sanda ta hara zubewa, kahin Gwadabawa babu komi, alhali wayar aljihuna mai layi iri ɗaya tana da sabis. Da munka sake buɗe dashbod, sai ga 'yar eriyar 4G, wagga mai kamar ƙyallen filasta baƙa, an nannaɗe ta da wayarta an cusa bayan ƙarhen da ke riƙe da sikirin, ko takardar gam ɗin ba a ɓare ba. Munka jawo ta munka manna ga kusurwar gilashin gaba ta sama. Nasiru ya ce ma wasu suna musanya bakin eriyar GPS da ta 4G tunda kusa da juna suke, ku duba rubutun da ke bayan injin.

Sai kuma bakin iyaka. In ka matso Illela layi kan tsallaka ya kama sabis na Nijar, na Birnin Ƙonni, data ta tsaya cak. Wanga ba lalacewa ba ta. Na shiga saiti na zaɓi kamfanin layina da hannu, na hana shi zaɓe da kanshi.

Kabiru, Kwannawa

Alhaji, ka tuna mini da Satumbar 2021 da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Wani maƙwabcina ya kai mota gareji a lokacin yana cewa sikirin ya lalace. Ni yanzu kafin komai, layin nake zarewa in sa a ƙaramar waya a daidai wurin da motar take tsaye. In wayar ma ba ta samu ba, motar ba ta da laifi.

Maman Khalifa, Tudun Wada

Gwajin nan na Kabiru shi ya fitar da mu. Layin da ke cikin sikirin ɗin motar maigidana ba a kira da shi, data kawai ake sa masa, sai aka manta da shi lokacin da ake haɗa layuka da NIN. Sanda cike, intanet babu. Da aka sa shi a waya sai ga saƙonnin gargaɗi sun taru, an riga an rufe shi.

Wani abu kuma, bayan an sauya batirin motar sai YouTube da taswira suka ƙi buɗewa, suna ta cewa haɗin ba shi da tsaro. Ashe kwanan watan sikirin ɗin ne ya koma shekarun baya da aka cire masa wuta. Ana gyara kwanan wata da agogo komai ya dawo.

Aminu, Gidan Dare

Masu CarPlay da Android Auto marasa kebul, wato tsarin da ke nuna abin da ke waya a sikirin mota, su lura, shi ma ta waifai yake bi tsakanin waya da mota. A wayata ba ya yarda in kunna shi in kuma kunna hotsifot, ɗaya sai ya kori ɗaya. Da na sa kebul rigimar ta ƙare.

Hajiya Luba, Gawon Nama

Ƙanena Aminu, haka ne. Kuma masu ajiye MiFi, 'yar na'urar raba intanet, a mota ku ji tsoron ranar Sakkwato. A watan Afrilu da zafi ke haura 40 a inuwa, kan dashbod ba wurin ajiye na'ura mai batir ba ne. Ta ƙanwata ta kumbura har murfin bayanta ya ɗago, kafin nan kuma takan kashe kanta da tsakar rana ta dawo da la'asar. Yanzu kusa da bakin iskar esi take sa ta, in za ta fita ta jefa ta a jaka.

Baba Garba, Rijiyar Ɗorowa

'Ya'yana, ni tambaya gare ni. Tawa ma 'yar Amurka ce, ban damu da intanet ɗinta ba, amma in ta kwana biyu ba a tada ta ba sai batir ya mutu. Batir sabo ne, an gwada altaneta lafiya. Wani ya ce mini akwatin nan da kuke magana ne yake ta neman sabis ɗin ƙasarsu dare da rana yana shan wuta. Akwai ƙamshin gaskiya?

Nasiru mai wayarin, Mabera

Ranka shi daɗe Baba, shina hwaruwa ga wasu motoci, na gani da hannuna, amma kada a yanke hukunci da ka. A kashe mota, a ruhe ƙohohi, a sa mita tsakanin kan batir da wayarshi, a jira kamar rabin awa kwamfutocinta su yi barci, sannan a ga wutar da ke hita. Motar da ke lahiya kaɗan take sha, wajen miliam 50 ko ƙasa bisa ma'aunin mita. In ta wuce haka sosai, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita har a ga wanda ya sa ta hwaɗi. In na akwatin na, to an kama ɓarawo.

Sai dai Baba, kahin a bar fis ɗin waje a gwada kiran waya ta Bluetooth, a kuma saurari sifikokin gaba. Ga wasu motocin wayar makirho da ta sifika ta cikin akwatin sunka bi, kana cire mai wuta sai wanda ka kira ya daina jin ka. In haka ta hwaru, haɗa wayoyin za a yi su tsallake akwatin, aikin awa ɗaya na ga wanda ya san zanen wayarin motar. Ka turo min ƙirar motar da shekararta in duba wane fis na.