Bit (bakin injin huda) biyu na ƙona kan farantin ƙarfe, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa teburin da zan ɗaura injin markaɗe a gida, na sayo farantin ƙarfe mai kaurin mili 10 a Ƙofar Ruwa, huji huɗu kawai nake so na mili 12. Tun jiya nake fama da injin huda na hannu, bit biyu sun ƙone bakinsu ya koma shuɗi, ƙarfen kuma ko rabi ban ci ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min yadda ya yi.

Mai walda, Kano: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa gudu ne ya kashe maka bit, ba taurin ƙarfe ba. Nima da ina yaron shago haka nake danne maɓallin har ƙarshe ina ganin shi ne zai sa ya ci da sauri, ranar da na ƙona bit uku ogana ya karɓi injin ya huda a gabana a hankali, kana iya ganin bit ɗin yana juyawa, yana danna shi da nauyin jikinsa yana ɗiga mai. Sai ga ƙarfen yana fitowa a nannaɗe dogo dogo. In ka ga gari yana fita maimakon nannaɗe, gogawa kake ba yanka ba. Mili 12 kar ka wuce juyi 600 zuwa 700 a minti, ƙasa da haka ma ya fi. Shuɗin nan kuwa zafi ne ya cinye taurin bakin.

Mai tambaya: Oga wane mai? Ni a bushe na yi wallahi.

Mai walda, Kano: Akwai man yanka na musamman amma mu baƙin man inji muke sawa yana yi. Kuma kar ka fara da 12. Ka buga alama da ƙarfe mai tsini da guduma don kar bit ya sulɓe, ka fara da mili 4 ko 5 har ya ɓulla, sannan ka bi da babban.

Malamin makaranta, Zariya: Malam duba injinka ko yana kan hama, alamar guduma ɗin nan ta huda bango. Ni abin da ya same ni ke nan, na gama kafa labule na juya kan ƙarfe ban mayar ba. Bit ɗin da na sa ma na siminti ne mai faffaɗan kai. Na ƙarfe za ka ga an rubuta HSS a gindinsa.

Makanike, Maraɗi: Maganar da nake so a ji ita ce ɗaure farantin. Ni har yau akwai tabo a ƙafata. Na taka ƙaramin faranti da ƙafa ina hudawa, daidai lokacin da bit zai ɓulla ta ƙasa sai ya cafke, farantin ya juya kamar fanka ya yanke ni a idon sawu, injin kuma ya murɗe min wuyan hannu na yi sati biyu ban iya riƙe sifana ba. Tun daga ranar sai na matse a bais (abin matse ƙarfe na kan tebur) ko na kama da kilam (abin matsewa na hannu) a kan katako, kuma in na ji ya kusa ɓulla nake sassauta dannawa. Safar hannu ma kar a sa, in ta naɗe a bit da yatsun za ta tafi. Tabarau kam a sa, ɓurɓushin da zafi yake tashi.

Mai gyaran kekuna, Kaduna: Allah ya kiyaye gaba Baba. Ni tawa ta daban ce, sifirin mota na samo a Panteka zan yi wuƙar yankan ciyawa, bit ya ƙi ko karce shi don ƙarfen an taurara shi. Sai da na gasa wurin a gawayi ya yi ja na binne a toka ya huce a hankali har safe, sannan ya hudu. Haka ma ƙarfen da ba ya tsatsa, in ka tsaya kana gogawa wurin ƙara tauri yake, shi sai bit mai kobalt, za ka ga M35 a jikin kwalinsa, ya fi tsada amma yana jure zafi.

Mai walda, Kano: Ƙwarai. Kuma kar wani ya ce maka ka fasa da wutar walda, hujin ba ya fita daidai, gefensa kuma taurara yake, in ka zo gyarawa da bit sai ya dakushe.

Mai tambaya: Alhamdulillah an gama. Ashe injin yana da giya biyu ni kuma a ta biyu nake ta yi. Na mayar ta ɗaya, na sayo mili 5 da sabon 12, na kama da kilam, ƙanena yana ɗiga min mai. Huɗun duka sun fita kafin la'asar, bit ɗin ko launi bai canza ba. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga waɗancan biyun da suka ƙone za su wasu a giranda ko in zubar?

Mai walda, Kano: Kar ka zubar. Ka cinye shuɗin duka, kana yi kana tsomawa a ruwa, ka tabbata leɓɓan bakin biyu masu yanka sun zo daidai tsayi in ba haka ba hujin zai fi bit ɗin faɗi.