Wai mayelin tun yarinta ake gama shi?

Aminu: Salam 'yan aji. Ni fa har yanzu ina kan bakana, mayelin ɗin nan da ke naɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa kamar robar wayar lantarki aikin gado ne zalla. Sinadarin gado (gene) mai suna Olig2 ya ware ƙwayar da za ta yi mayelin, wani mai suna Sox10 ya kai ta ga nuna, ta naɗe jijiya, shikenan. Koyon abu baya ƙara komai.

Zainab: Yaya Aminu rabin maganarka na yarda. Ɓerayen da aka cire wa Olig2 a 2002 an haife su babu masu yin mayelin a laka, babu jijiyoyin motsa tsoka, basu ma rayu ba. Shikenan ɗin nan ne ban yarda ba.

Aminu: To kawo hujja ƙanwata

Zainab: Myrf mana, sinadarin gadon da sai da shi ƙwayar ke nuna ta yi mayelin. A 2014 ɗakin binciken William Richardson a Landan suka kashe shi a ƙwayoyin da basu nuna ba a jikin manyan ɓeraye, tsohon mayelin yana nan lafiya lau sabo ne kawai baya samuwa, sai aka sa musu wilin gudu da aka zazzare wa wasu sanduna, taku ɗaya kusa na gaba nesa, sauran ɓeraye suka iya su kuwa suka kasa ƙwarewa. Abin da ya fi taɓa ni, waɗanda suka koya kafin a kashe Myrf ɗin basu manta ba.

Aminu: Ai ni kika taimaka, kin ga Myrf ne makullin

Zainab: Eh makulli ne amma wa ke murɗa shi? Wasu sinadaran gadon, Id2 da Id4 da Hes5, suna taka wa ƙwayar birki har lokaci yayi. Kuma a shekarar dai Michelle Monje a Stanford ta kunna jijiyoyin ɓera da haske, mayelin ya ƙaru a wurin.

Bashir: Duk ɓera kuke ta kawowa fa, ina mutum?

Malam Usman: Bashir tambayarka tana kan hanya. A ciwon MS (multiple sclerosis, ciwon da ke lalata mayelin) sau da yawa ana tarar da ƙwayoyin nan a inda mayelin ya lalace, suna nan amma sun maƙale basu nuna ba, shi yasa nake ganin birkin nan yafi komai cancantar bincike, mutane ne ke rasa gani da tafiya a kai.

Aminu: Malam na yarda babba ma yana yin sabon mayelin. Amma cewa karatuna na daren jiya ya kunna Myrf a kaina, wannan sai an nuna min a mutum tukuna.