Darasin haɗe na ikebana da girkin shojin a Kyoto: in biya ko in raba su?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Kyoto nake, kuma shawara nake nema. Akwai wani aji na wata shida da ke haɗa ikebana, wato fasahar jera furanni ta Japan, da shojin ryori, girkin gidajen ibadar Buda da ba nama ba kifi. Sau biyu a wata, yen 9,000 kowane zama, har da kuɗin fure da cefane, amma sai an biya na wata uku a dunƙule. Ko kuwa in shiga ajin fure kaɗai, girkin in koya a gida? Burina in karɓi baƙi takwas a ƙarshen Oktoba, fure da abinci duk na kaka. Kayan da na mallaka almakashin fure ne kawai.

Ɗan Nagoya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Fara da kenzan, wannan faifan mai nauyi da allurai suke tsaye a kansa, inda ake soka furanni. Na gaske gindinsa dalma ne, allurai na tagulla, mai faɗin santimita 7 ko 8 ya isa. Wanda ba shi da nauyi reshe zai kifar da shi da kin karkata shi. Wajen yen 2,500 yake. Tunda da dalma a jikinsa, kada a wanke shi cikin kwanukan abinci.

Ummi Fukuoka:
Yen 2,500 kuma? Ƙarami ana samunsa a shagon yen ɗari. Matsakaici ma bai kai 1,500 ba.

Ɗan Nagoya:
Na shagon yen ɗari na karan fure ɗaya ne, Ummi. Soka masa reshen momiji, bishiyar nan mai jajayen ganye da kaka, ki gani, alluran lanƙwashewa suke yi.

Anti Bilki:
Ƙanwata, ga awon da ake koyarwa a makarantar Sogetsu, wadda Teshigahara Sofu ya kafa a 1927. Rassa uku ne ginshiƙi: shin, soe da hikae. Ki haɗa faɗin kaskon furen da zurfinsa, ki ninka sau ɗaya da rabi, tsawon shin ke nan. Kasko mai faɗin santimita 30 da zurfin 5 zai ba ki shin na kusan 52. Soe kashi uku cikin huɗu na shin, wajen 39. Hikae kashi uku cikin huɗu na soe, ko rabinsa. Reshen shin ya karkata digiri 10 zuwa 15, soe 45 ta hagu, hikae 75 ta dama, dukansu suna ɗan sunkuyowa wajen mai kallo. Reshe mai ƙarfi a yanke shi a karkace, a ɗan tsaga gindin, a soka shi a miƙe sai ya kama, sannan a kwantar da shi. Wanda ya soka a karkace tun farko, faɗuwa zai yi. Ruwa kuma ya rufe alluran.
Amma ki lura, abu mai tsawon 52 ba na teburin cin abinci ba ne, zai tsare fuskokin baƙi. Wurinsa tokonoma, wannan loko da ke jikin bangon ɗaki, ko kan wata kanta a gefe.

Goggo Mai Awara:
Ni dai kada ki biya a dunƙule. Irin ajin nan na shiga, na biya na wata shida gaba ɗaya, kuma har yau abin yana min ciwo. Mai koyar da fure daban, mai girki daban, ba sa shawara da juna. Ranar da aka yi goma dofu, farar awarar riɗi da ake sha wuya kafin ta ɗaure, sai ga furen yuri, wato lily, an girke a tsakiyar tebur, ba a ma cire kawunan da ke ɗauke da garin furen ba. Jan garin ya zuba a kan awarar, ya ɓata mayafin wata, ƙamshin kuma ya danne romon da aka jiƙa tun dare, ba ka jin komai sai fure. Ga kwandon tufa da kaki, ɗan itacen nan dangin kanya, a gindin furannin wai ado. 'Ya'yan itace masu nuna suna fitar da iskar etilin, ita ke tsufar da fure, kafin kwana biyu duk sun yi yaushi. Da na yi magana aka ce salo ne. Na nemi ragowar kuɗina aka nuna min takardar da na sa wa hannu. Takardar shaidar da suka bayar kuwa, babu makarantar ikebana ko ɗaya da ta san da zamanta.

Ummi Fukuoka:
Subhanallah, Goggo. Nawa suka karɓa?

Goggo Mai Awara:
Yen 12,000 kowane zama, kuɗin fure daban. Shi ya sa 9,000 ɗin nan har da cefane ya ba ni tsoro. Wani wuri ake rage wa. Ko kuzu ɗin, sitacin da ke ɗaure awarar, ba na asali ba ne, ko furen na kwana uku ne.

Ɗan Nagoya:
Ajin gwaji na fure kaɗai yen 3,000 zuwa 4,000 ne a nan. Idan aka ɗora girki, 9,000 bai yi arha da za a zarga ba.

Sarkin Gashi:
Ni tambayata ɗaya ce. Bayan an gama kallon fure an ci awara, ƙarfe nawa ake kawo tsiren?

Malam Kuku:
Sarki, ka yi haƙuri, ranar azumin tsire ce. Hajiya, a gefen girki ga abin da zan ce. Dokar shojin ita ce ta fi nuna miki furen da ya dace. Ba a sa tafarnuwa, albasa da danginsu saboda ƙarfin warinsu. Girkin da ya guji warin albasa ba zai zauna da fure mai ƙamshi ba. Masu shayin Japan ma tun zamanin babban malaminsu Sen no Rikyu suna ƙin fure mai ƙarfin ƙamshi a ɗakin shayi.
Romo: kombu, wato busasshen ganyen teku, giram 10 da busasshen naman kaza na shitake uku ko huɗu a ruwa lita ɗaya, su kwana a firij. In za ki ɗora a wuta, ki tsame kombu kafin ya tafasa, in ba haka ba romon ya yi yauƙi da ɗaci.
Goma dofu: niƙaƙƙen riɗi giram 50, kuzu giram 50, ruwa mililita 500. Ki dama a sanyi, ki tace, sannan ki ɗora. Zai yi kauri farat ɗaya, a nan mutane ke sauke shi, kuma a nan suke kuskure. Ki rage wuta ki ci gaba da tuƙi minti 15 zuwa 20 har ya yi sheƙi, in ba haka ba garin zai ji a harshe. Ki jiƙa mazubin da ruwa kafin ki zuba, ki sanyaya shi a cikin ruwan ƙanƙara. In ya kwana a firij tauri yake yi. Ki duba jikin leda: kuzu mai arha sau da yawa an gauraya shi da sitacin dankali, na asali irin na yankin Yoshino shi ne mai tsada.
Na Oktoba: kabewar kabocha a dafa a romo, shinkafa da kuri (chestnut), soyayyen saiwar renkon (tsiron ruwa mai kama da bado), ganye da miyar riɗi. Launi biyar ake nema a tire: fari, baƙi, ja, rawaya, kore. Tunda abincin ya cika launi, furen ya zama iri biyu kawai, kiku (chrysanthemum) da ciyawar susuki mai farin gashi.

Anti Bilki:
Malam, girki naka ne, amma fure a bar wa masu shi. Ƙarshen Oktoba susuki ya fara tashi, gashinsa zai bi iska ya sauka a miya. Lokacinsa na bikin kallon wata ne, wajen Satumba. Gara reshe mai jajayen ganye da kiku ƙanana. Kuma karan kiku ba a yanka shi da almakashi, karya shi ake yi da hannu a cikin ruwa, ya fi shan ruwa haka. A tsige duk ganyen da zai nutse, shi ke sa ruwa wari.

Malam Kuku:
Anti, takardar makaranta ba ta taɓa ciyar da mutum takwas ba. Mai tsayuwa a kicin ya san abin da ke faɗa wa miya.

Anti Bilki:
To ai abin da ke faɗa wa miyar nake gaya maka.

Yaya Likita:
Ku dakata, akwai abin da ya fi wannan. Furen mai sayar da furanni an fesa masa magani, ba a ɗora shi a faranti. Kiku na ci daban ne, a sashen kayan lambu ake sayar da shi, a Yamagata suna da irin da suke kira mottenohoka, a tsige shi a ɗan tafasa da ruwan khal don launin ya tsaya. Ganyen furen ajisai (hydrangea) guba ne: a 2008 mutane sun kamu da amai a wani gidan abinci a Tsukuba bayan sun ci wanda aka yi wa abinci ado da shi. Ganyen furen suisen (daffodil) ma guba ne, kuma yana kama da nira, wani ganyen ci dangin albasa, kusan kowace shekara sai an ji wanda ya dafa shi bisa kuskure. Wurin yankan fure daban, wurin yankan ganye daban, wuƙa da bokiti ma haka.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ban ji ba, in biya ko in raba?

Ummi Fukuoka:
Yaya, kafin ki biya ki tambaye su mirin, ruwan shinkafa mai zaƙi da ake sa wa girki. Rashin nama bai sa abu ya zama halal ba. Hon mirin, wato na asali, yana da barasa wajen kashi 14 cikin ɗari, kuma ana sa giyar shinkafa da ake kira sake a dafe-dafe da yawa. Har miso, ƙullun waken soya, da shoyu, wato soya sos, wasu an ƙara musu barasa don kada su ci gaba da tsami, a jikin kwalin za ki ga an rubuta shusei.

Malam Kuku:
Ana iya maye shi. Cokali ɗaya na mirin, ki sa ƙaramin cokali ɗaya na sukari da ɗan romo. Sheƙin ne kawai zai ragu.

Ummi Fukuoka:
A gida ke nan, Malam. A aji tukunya ɗaya ce ta kowa. Abin da ke ƙona min rai, sai ka tambaya a ce maka babu barasa, ashe nufinsu ta ƙone a wuta. Wani wurin ma a ce kayan lambu zalla, alhali romon na busasshen kifin katsuo ne.

Ɗan Nagoya:
Kifi ai ba matsalarmu ba ce. Mirin-fu fa, wato kwaikwayon mirin? Shi barasarsa ba ta kai kashi ɗaya ba.

Goggo Mai Awara:
Wannan sai malamai. Ni ajin da na faɗa muku, sau biyu na rubuta musu batun mirin a takarda, ranar kabewa na ga kwalbarsa a hannun mai girki. Ummi, wane shoyu kike saye a Fukuoka, kuma nawa ne lita?