Da gaske ne ɗigon shan inna ma yana shanye ƙafar yara?

Maman 'Yan Biyu, Kusuri:
Assalamu alaikum. Jiya masu ɗigon shan inna suka shigo unguwarmu, har sun yi rubutu da alli a ƙofa, na ce su dawo gobe. Ƙanin maigidana da ke kai kaya Njamena ne ya zo da maganar da ta hana ni barci, wai yaran da ƙafarsu ke shanyewa yanzu a yankin Tafkin Chadi ƙwayar ɗigon ce ta kama su. Ni dai na san tun 2020 aka ce Afirka ta rabu da cutar nan. To wannan kuma daga ina? 'Yan biyuna watansu bakwai. Don Allah a faɗa mini gaskiya, ban son lallashi.

Malamin asibiti, Marwa:
Wa alaikumus salam, Maman Hassan. Ƙanin mijinki bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ɗauko. Abin da aka ce an gama da shi a watan Agustan 2020 ita ce ƙwayar asali. Ta cikin ɗigon kuwa rayayya ce, an karya mata ƙarfi ne kawai. Yaro ya sha, jikinsa ya koyi yaƙi da ita, ta fita ta bayan gida. Idan yawancin yaran gari sun sha, nan za ta mutu. Idan kuwa an bar da yawa ba su sha ba, ga ruwa da najasa suna haɗuwa, kamar yadda kuke gani in kogin Logon ya cika ya shigo gari, sai ta yi ta yawo daga ciki zuwa ciki shekara guda ko fiye, har ƙarfinta ya dawo. Wa take kamawa a lokacin? Yaron da bai sha ba.

Ƙwayar shan inna nau'i uku ce, kuma wanda ke rikiɗa haka yawanci nau'i na 2 ne. A 2016 aka cire shi daga ɗigon yau da kullum a duniya, sai yaran da aka haifa bayan nan suka taso ba su da kariyarsa sosai. Shi ya sa daga 2021 aka fara amfani da sabon ɗigo, nOPV2, wanda bai cika rikiɗa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wanda ɗigon kansa ke shanyewa, amma wajen mutum ɗaya ne cikin miliyoyin ɗigo. Ki duba katinsu, an yi musu allurar shan inna ta sati 14? Ita ƙwayarta matacciya ce.

Dattijo mai goro, Garwa:
Malam, mun ji. Amma zazzaɓin cizon sauro ya fi kashe mana yara, ba mu ga ana bin gida gida da maganinsa haka ba. Abin da ke sa mutane zargi ke nan. Ni dai jikokina suna sha, don da ƙanena na tashi, da hannu yake tafiya har ya rasu.

Malamin asibiti, Marwa:
Allah Ya jiƙansa, Baba. Maganarka tana kan hanya. Abu ɗaya zan ƙara: duk yaron da bai kai shekara 15 ba, aka ga ƙafa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai shi asibiti kafin kwana 14, a ɗauki bayan gidansa sau biyu a aika Yawunde gwaji. Kada a tsaya turare tukuna.

Maman 'Yan Biyu, Kusuri:
Na duba katin. Ashe allurar sati 14 ɗin ba a yi musu ba, lokacin muna ƙauye wajen rasuwa. Malam, in masu ɗigo sun dawo da safe sun sha, zan iya kai su allurar a ranar, ko sai na jira?