Gulbin Maraɗi: daga ina ya taso, kuma me ya rage masa ruwa?

Bagobiri: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan Gulbin Maraɗi daga waɗanda suka san yankin. Dattawanmu suna cewa a dā ruwansa yakan malala ya cika fadama har ya daɗe bayan ɗaukewar damina, amma yanzu rairayi ne ke kwance a cikinsa mafi yawan shekara. Daga ina ya taso, kuma me ya jawo wannan sauyi?

Malam Na-Jibiya: Wa alaikumus salam. Gulbin ya taso ne daga ƙasar Katsina, inda a wajenmu ake kiransa Kogin Gada. Ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa yankin Madarumfa, ya wuce gefen Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkata ya sake shigowa Najeriya ya haɗu da Rima. Tun asali kogi ne na damina, amma madatsar ruwan da aka gina a Jibiya a wajen shekarar 1990 ta riƙe kaso mai yawa na ruwan da ke gangarawa arewa. Mu mun amfana da noman rani, wannan gaskiya ne, sai dai bai kamata mu musanta cewa 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka sun ji a jikinsu ba.

Hajiya Ta-Maraɗi: Malam ya faɗi gaskiya, amma ina so a duba tarihi, domin wannan kwarin ne ya riƙe Katsinawan da jihadi ya kora daga birninsu. A nan sarkinsu Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a wajen 1819, saboda kurmin da ke kewaye da gulbin ya zama musu garkuwa, fadamar kuma ta ciyar da mutane da dawaki. Gobirawa ma, bayan an ci su a yaƙin Gawakuke na 1836, a bakin wannan gulbin suka kafa Tsibiri. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin yake, har sai da ambaliyar 1945 ta rusa shi, Turawan Faransa suka mayar da jama'a kan tudu.

Manomin Jiratawa: Hajiya, ba madatsa kaɗai za a ɗora wa laifi ba. An sare itatuwan bakin gulbi, ƙasa ta zaizaye, yashi ya cike hanyar ruwa. Mu da muke noman albasa da tumatir da zogale a fadama, da rijiyoyi da injin ban-ruwa muke aiki, kuma rijiyar da a dā guga ke taɓa ruwanta da gajeriyar igiya, yau sai an ƙara mata zurfi. Duk da haka gulbin bai mutu ba, domin ambaliyar Yuli 2018 ta halaka mutane da dama a Jibiya, saboda haka masu gina gidaje a bakinsa su yi hattara.